WAKILIN SUNA A TURANCI: WURAREN DA ƊALIBI BAHAUSHE YAKE TUNTUƁE



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wasu 'yan ƙananan kalmomi na Turanci waɗanda masana nahawu ke kira wakilin suna, watau kalmomin da akan ajiye a gurbin suna don gudun maimaita shi. Yawansu bai taka kara ya karya ba, amma da wuya a sami jimla biyu a jere babu ɗayansu, kuma kuskure a kansu yakan kayar da ɗalibi a jarrabawa, ya kuma rikita ma'anar wasiƙar ofis. Za a ɗauki misali da yaron da ya tashi a Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, ko a maƙwabciyarta Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Abin da ake son tabbatarwa guda ɗaya ne: kurakuran wannan yaro ba na rashin basira ba ne. Kowannensu yana da mazauni sananne, daidai inda tsarin Hausa ya saɓa wa na Turanci, kuma malamin da ya san waɗannan wurare ya gama rabin aikinsa.

Guzurin da yaro ya zo da shi

Yaron Jabo ba ya shiga aji hannu rabbana. A gida Sakkwatanci yake ji: shina zuwa, sunka tahi, gida nai. A littafin makaranta kuwa sai ya tarar da yana zuwa, suka tafi, gidansa. Tun yana ƙarami ke nan ya saba da sauya wakilin suna daga wannan tsari zuwa wancan. Idan ya yi nisa a karatun zaure zai haɗu da huwa da hiya, da anta da anti da antum na Larabci. Ita kanta kalmar lamiri da ake amfani da ita a nahawun Hausa daga Larabci aka aro ta. Ilmin nahawu ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawun Larabci.

Turanci ne ya zo daga baya. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, amma sai da shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya zo sa'an nan boko ya game ƙauyuka. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa kafin a juya zuwa Turanci. A 2022 aka amince a tsawaita wannan har ƙarshen firamare, sa'an nan a Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da soke tsarin, ta mayar da Turanci harshen koyarwa. Ko yaya manufa ta juya, abu biyu ba su sauya ba: ba a shiga jami'a sai da kyakkyawan sakamako a Turanci, kuma da Hausa yaron yake tunani sa'ad da ya ɗauki alƙalami.

1. Kai, ke, ku

Hausa tana da wakilan suna masu zaman kansu guda 8: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Turanci yana da 7: "I, you, he, she, it, we, they". Inda Bahaushe ke da kai da ke da ku, Bature "you" kaɗai gare shi, ko namiji ko mace, ko ɗaya ko dubu, ko sarki ko bara.

Da can ba haka abin yake ba. Turawan Ingila suna da "thou" na tilo da "ye" ko "you" na jam'i, kamar yadda ake gani a fassarar Baibul ta zamanin Sarki James ta 1611. Sai aka riƙa kiran babban mutum da jam'i don girmamawa, daidai da yadda yaro a ƙasar Hausa zai ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" A hankali jam'in girmamawa ya cinye tilo, har "thou" ya fita daga maganar yau da kullum cikin ƙarni na 17. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa "you are" ko da mutum ɗaya ake nufi.

Ga ma'aikaci akwai darasi a nan. A ɗauka an aika wa shugaban wata firamare takarda mai cewa "You are to report on Monday". Shi kaɗai ake kira, ko shi da malamansa? Hausa da ta raba gardama da ka zo ko ku zo. A Turanci dole mai rubutu ya fayyace da kansa, ya ce "you and your staff" ko "all of you", in ba haka ba a rufe makaranta ranar Litinin a banza.

2. Shi, ita, da na ukunsu

A Hausa kowane suna tilo ko namiji ne ko mace: gida shi ne, mota ita ce, rana ta faɗi, wata ya fito, Jabo ta cika ranar kasuwa. Turanci ya kasa abin uku: "he" ga namiji, "she" ga mace, "it" ga abin da ba mutum ba. Saboda haka ɗalibi Bahaushe ba safai yake rikita "he" da "she" a kan mutane ba. Wanda ke fama da wannan shi ne yaron da ya tashi da Fulatanci, ko Yarabanci, ko Ibo, domin waɗannan harsuna ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna. Malamin da ke da 'ya'yan Hausawa da na Fulani a aji ɗaya ya san cuta biyu ce gabansa, kowace da maganinta.

Cutar Bahaushe tana ga "it". Zai rubuta "The government said she will pay", domin gwamnati mace ce a bakinsa, alhali "it will pay" ake so. Abin sha'awa shi ne tsohon Turanci na shekara dubu da ta wuce yana da jinsi irin na Hausa, har ma rana mace ce a cikinsa, wata kuwa namiji. Daga baya tsarin ya rushe. Ragowarsa ita ce al'adar kiran jirgin ruwa ko ƙasa da "she", wadda ita ma tana gushewa. Ƙa'idar da za a ba ɗalibi gajera ce: in ba mutum ba ne, a sa "it".

3. Audu ya tafi

Wannan shi ne babban rami. A Hausa ba a cewa "Audu tafi". Tilas a kawo lamirin suna tsakanin aikau da aikatau, a ce Audu ya tafi, Binta ta tafi. Ɗalibi sai ya kwashe jimlar ɗungurungum ya rubuta "Audu he went". A Turanci ko suna ko wakilinsa, ba a haɗa su a gurbi ɗaya.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. A Hausa lamiri ne ke ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Aikatau yana nan yadda yake, lamiri ne ke sauya riga. A Turanci akasin haka ne: "he" ba ya motsi, aikatau ne ke juyawa, "he goes, he went, he has gone". Yaron da ya rubuta "Yesterday he go" ya ɗauka cewa da ya ajiye "he" ya riga ya faɗi lokaci, kamar yadda ya take yi masa. Kama da wane ba ta wane. Sai an nuna masa a allo, jimla kusa da jimla, cewa kayan da Hausa ta ɗora wa lamiri, Turanci aikatau ya ɗora wa.

4. Yaron da na ga ubansa

Hausa takan bar wakilin suna a baya ya tsare gurbin sunan da aka gabatar: yaron da na ga ubansa, gidan da muka kwana a cikinsa. Daga nan ake samun "the boy that I saw his father" da "the house that we slept in it". Daidaitaccen Turanci ba ya barin wannan mai gadi. Cewa ake yi "the boy whose father I saw" da "the house in which we slept". Kalmar da guda ɗaya ta Hausa tana fuskantar "who, whom, whose, which, that", kuma "whose" ce ta fi wuya domin ita kaɗai ta haɗiye da da kuma -nsa gaba ɗaya.

5. An ce, an yi

Hausa tana da wani lamiri wanda ba ya nuna kowa: an ce, ana zuwa, za a biya. Turanci ba shi da takwaransa sosai, sai ya juya jimlar ya ɓoye aikau. An kama ɓarawo shi ne "The thief has been arrested". Ɗalibi kuwa yakan ruga ga "they", ya ce "They have arrested the thief".

A hira wannan ba laifi ba ne, amma a takardar aiki yana iya zama fitina. A ɗauka malamin gona ya so ya ce an kwashe takin da aka kawo wa manoma, sai ya rubuta "They have collected the fertiliser". Mai karatu a Sakkwato zai nemi sunan jam'i na ƙarshe da aka ambata a rahoton, in manoma ne ya ɗauka manoma sun karɓa, ya rufe fayil, alhali ko buhu ɗaya bai kai hannunsu ba. A Turanci "they" yana bukatar magabaci bayyananne. Haka kuma ma'aikaci ya lura cewa "I am directed to inform you", wadda ake buɗe wasiƙun gwamnati da ita, ba kome ba ce illa an umarce ni. Tana da amfani, amma inda ake bukatar a san wanda alhaki ke wuyansa, gara a ambaci sunan ofishinsa.

6. Ni da Audu, da kai da juna

Bahaushe yakan fara da kansa: ni da Audu. Ladabin Turanci shi ne mai magana ya zo ƙarshe, "Audu and I went". Sai dai wasu sun riƙe wannan har sun wuce gona da iri, suna cewa "between you and I", alhali "between you and me" ne daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a cire ɗayan mutumin a ji abin da ya rage. Ba a cewa "He called I", saboda haka ba a cewa "He called Audu and I".

Har ila yau, in Bahaushe ya ce mun tafi kasuwa da Audu, mai yiwuwa su biyu ne kacal. In ya fassara "We went with Audu", Bature zai ƙirga aƙalla mutum uku. A gaban alƙali wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A wani wurin kuma Hausa ce ke ceton ɗalibi. An saba jin "They love themselves" a Nijeriya da nufin suna son juna, alhali ma'anarsa suna son kansu. Hausa ta raba kai da juna sarai. Ɗalibi ya tambayi zuciyarsa da Hausa: in juna ne, "each other", in kansu ne, "themselves".

7. "He" na doka

Ma'aikatan da ke karanta dokoki za su ga "he" ko'ina. Wata dokar Majalisar Ingila ta 1850 ta tanadi cewa lafazin namiji a cikin dokoki ya haɗa da mace, kuma Dokar Fassara ta Nijeriya ta 1964 ta bi sahu. Don haka "he" da Tsarin Mulki na 1999 ke kiran Shugaban Ƙasa da shi bai hana mace tsayawa takara ba. A rubutun zamani kuwa an fi son "he or she", ko "they" ga mutum ɗaya wanda ba a san jinsinsa ba, kamar "Every applicant must bring their certificate". Wannan amfani tsoho ne a Turanci, kuma manyan ƙamusoshi sun karɓe shi. Amma ɗalibin da ke zauren jarrabawa ya fi samun kwanciyar hankali in ya mayar da jimlar jam'i: "All applicants must bring their certificates".

Kammalawa

Daga abin da ya gabata shawara uku ta fito. Ta farko, kwalejojin horon malamai da sassan harsuna, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, su tabbata malamin Turanci ya san nahawun Hausa. Kayan aikin suna nan, tun daga littafin nahawu na M.K.M. Galadanci na 1976 har zuwa na Paul Newman na 2000. Ta biyu, malami ya daina jan layi ja kawai a ƙarƙashin kuskure. Ya rubuta jimlar Hausar da ta haife shi, yaro ya ga tushen da idonsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta uku, ma'aikaci kafin ya sa hannu a takarda ya bi kowane "he" da "they" da "you" ya tambaya: wa ake nufi? In amsa ta wuce ɗaya, ya maimaita sunan, don maimaici ya fi ruɗani sauƙi.

Yaron Jabo da ya iya raba sunka da suka, ya kuma raba anta da anti, ba zai gaza raba "he" da "it" ba, muddin an bi da shi ta hanyar da ya sani zuwa wadda bai sani ba. Allah ya sa a dace, amin.