KOYA WA MATASA HAWAN ITACE BA TARE DA HAƊARI BA

Yau maganarmu a kan hawan itace ce, kuma da kai nake, kai da kake da saurayi a hannunka kana koya masa wannan aiki, ko ɗanka ne, ko ƙanenka, ko ɗan makarantar aikin gona da aka turo maka.

Wani zai ce, "Haba Malam, hawan itace ma sai an koya?" To, saurara. A wani ƙauye da na yi aiki, wani saurayi ya hau gawo da bazara don ya sassaro wa awaki ganye. Ya taka reshen da gara ta cinye ta ciki, reshen ya ɓalle da shi. Bai mutu ba, amma ƙashin bayansa ya taɓu, daminar nan sai gayya aka yi wa gidansu. Tsayin da ya faɗo bai wuce mita 5 ba. Wanda ya faɗo daga mita 5, cikin daƙiƙa ɗaya yake isa ƙasa, da gudun kusan kilomita 36 a awa. Ka ga kuwa babu lokacin kama wani reshe.

Amma ba mu iya barin hawa. Dabino jinsi biyu ne, mace da namiji. Mai son 'ya'ya da yawa sai ya hau cikin kwana 2 zuwa 4 bayan kwanson furen macen ya tsage, ya sa silin furen namiji 2 ko 3 a ciki, kansu ƙasa, ya ɗaure. Ta haka namiji ɗaya kan ishi mata wajen 50. Masu dabino a kewayen Dutse, inda cibiyar NIFOR take da tashar binciken dabino, sun san wannan aiki. Haka nan darbejiyar da aka dasa don tare iska, irin ta kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar wadda aka soma dasawa a 1975, tana bukatar a riƙa rage mata rassa. Ga kuka, ga ɗorawa, ga mangwaro. To, tun da hawa ya zama dole, sai mu koyar da shi bisa tsari.

WA YA DACE A KOYA WA?

Zaɓi saurayi baligi mai lafiya, mai jin magana. Kada ka hawar da ƙaramin yaro, ko mai farfaɗiya, ko mai yawan jiri. Wanda ya sha ƙwaya irin su tiramol don wai ya ƙara ƙarfi, sallame shi ya tafi gida, don tana kawo jiri, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Mai tsoro bai dame ni ba, shi yakan bi doka. Mai son a ce masa gwani, shi ne abin sa wa ido.

DARASI NA FARKO: A ƘASA AKE YIN SA

Ranar farko kada ƙafarsa ta bar ƙasa. Ku kewaya itacen tare, ka riƙa tambayarsa me ya gani.

1. Gindi: akwai ginin gara? Akwai naman kaza a jikin kututture? Saiwoyi sun fito, ƙasa ta tsage? Duk alamun ruɓa ne ko shirin faɗuwa.
2. Jiki: ku ƙwanƙwasa da ƙotar gatari. In ya yi amo kamar ganga, akwai kogo.
3. Rassa: wanda ba ganye, ko ɓawonsa ya saɓule, matacce ne. Amma ka tuna gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, kada wannan ya ruɗe ku.
4. Mazauna itacen: ƙudan zuma, rina, zirnaƙo, maciji. Kuka ta cika ɓoye zuma a kogonta.
5. Wayar lantarki: in reshe ko gorarka za su kusanci waya da ƙasa da mita 3, a bar aikin, a kira ma'aikatan wuta. Babbar waya mai ɗauko wuta daga gari zuwa gari kuwa, kada a ma doshe ta. Ɗanyen ice yana ɗaukar wuta.

Zogale da gwanda ba a hawansu sam, jikinsu ba ƙwari. Abin da ƙugiya a kan gora za ta iya tsinkowa daga ƙasa, kamar 'ya'yan ɗorawa, kada a hau saboda shi.

DARASI NA BIYU: KAYAN AIKI

Igiya ita ce ran mai hawa. Koya masa ya bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan kowace safiya. In ta tsattsage, ko ta yi gari don daɗewa a rana, ko ta taɓa mai ko ruwan batir, a mayar da ita ɗaurin kaya. Igiyar guga da ta turke ba igiyar hawa ba ne. Igiyar hawa a ajiye ta daban, a inuwa.

Kada ya ɗaura igiya a ƙugu kawai, balle da zarge. In ya zame, zargen zai matse masa ciki da haƙarƙari. A nemi ɗamarar hawa mai bi ta ƙarƙashin cinyoyi, irin ta masu aikin falwaya. In ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta saya, a riƙa karɓa-karɓa. A sa hular kwano mai igiyar haɓa. Ban da babbar riga, ban da silifas.

In da tsani za a fara, kowane mita 4 na tsayi, a janye gindinsa mita 1 daga itacen. Mutum ɗaya ya riƙe, a ɗaure kansa da zarar an isa.

DARASI NA UKU: HAWA KAƊAN-KAƊAN

Sannu ba ta hana zuwa. Fara masa da tsayin da hannunka zai kai gare shi. Ya ɗaura igiya, ya saki nauyinsa a kanta, ya ji yadda take riƙe shi. Sai ya iya ƙulli ido rufe kafin ka ƙara masa tsayi. Dokokin su ne:

1. Gaɓoɓi uku a jikin itace kullum: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya.
2. A taka reshe daga gindinsa, inda ya haɗu da uwar itacen.
3. A rataya igiya a ɗanyen reshe mai kaurin cinyar babban mutum, wajen santimita 15, ta kewaye har da uwar itacen in zai yiwu. A gwada ta da nauyin jiki tun daga ƙasa.
4. Kada a kwance ɗauri ɗaya sai an ƙulla wani.
5. A hau hannu sake. Zarto ko adda, na ƙasa ne zai ɗaura a wata igiya a ja sama.

A dabino, a fara yanke ƙayoyin gindin ganye kafin a shiga kan itacen, don sukarsu tana da zafi kuma takan yi ruwa. Tsofaffin gindin ganye da ake takawa sukan ruɓe, a gwada kowane kafin a ɗora masa nauyi.

Da hantsi ake wannan aiki. Ban da tsakar rana, musamman ga mai azumi. Ban da lokacin iska, ko bayan ruwa, ko in hadari ya taso.

DARASI NA HUƊU: YANKAN RESHE

Sai ya ƙware a hawa da sauka tukuna za ka ba shi ƙarfe a sama. Lokacin yanka, ɗauri biyu zai yi a wurare daban, don in ƙarfe ya taɓa ɗaya, ɗayan ya riƙe shi. Zarto ya fi gatari da barandami, don ba ya bukatar wurga hannu.

Babban reshe sau uku ake yankansa. Na farko, daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga uwar itacen, a ci kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu, daga sama, a ɗan gaba da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku, a cire guntun da ya saura daidai bakin kumburin da ke gindin reshen, kada a taɓa kumburin, don daga nan itacen yake rufe mikinsa. Yankan farkon nan shi ke hana reshe ya yage ɓawo ya fizgi mai aiki.

Kada a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a shekara. Kuma a tuntuɓi malamin daji kafin a sa ƙarfe. A Nijar ma gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare.

AIKIN NA ƘASA

Ba a hawa mutum ɗaya. Na ƙasa ya kori yara da dabbobi, ya tsaya nesa da inda reshe zai faɗo. Na sama ya ce, "A kauce!" kuma kada ya saki sai ya ji an amsa, "An kauce!" Na ƙasa ya riƙe waya mai caji, ya san mai motar da zai kira. Ku gwada sauko da mutum da igiya tun ana lafiya, don wanda ya suma yana rataye ba a barin sa ya daɗe.

In tsautsayi ya auku, mutum ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a miƙe shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, a ɗora shi a miƙe bisa faffaɗan katako ko ƙyauren ɗaki, a nufi asibiti. Kada a goya shi a babur, kada a fara da gidan maɗori.

Ɗan'uwa, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da saurayin nan ya ga kana yi, shi zai yi, ko da bakinka ya faɗi wani abu daban. In ka hau ba igiya sau ɗaya a gabansa, ka rushe darasin wata guda. Mai neman ƙarin bayani ya ga malamin gona ko malamin daji na yankinsa. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.