Buɗewar Ɗakunan Zuciya da Rikicewar Bugunta

Jawabinmu na bana ya shafi wata cuta da ke kwantar da magidanta alhali ba su san mafarinta ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke sakin lantarki, shi ne ke ba da umurnin bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan baligi yana hutawa. Tamkar sarkin makaɗa yake, sauran tsoka na bin kiɗansa.

To, idan hawan jini ya daɗe ba magani, ko ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ta tsuke sakamakon ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi a yarinta, sai jini ya riƙa taruwa a ɗakin sama na hagu. Bangonsa ya yi ta miƙewa kamar tsohuwar salka, tabo ya shiga tsakanin tsokar. Lantarki ba ya ratsa tabo salin-alin, sai ya warwatse yana kewaye. A 1998 likitoci a birnin Bordo na Faransa suka nuna cewa tartsatsin da ke tayar da rikicin yakan fito ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu zuwa wannan ɗaki. Daga nan makaɗa sun yi yawa, kowa da kiɗansa: ɗakunan sama su daina matsawa, sai karkarwa. Rikicin kuma yana ƙara buɗe ɗakin, buɗewar tana ƙara zaunar da rikicin.

Babban haɗarin shi ne jinin da ya kwanta yakan daskare. Gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Mai wannan cuta ya fi waninsa fuskantar haka da kusan ninki 5.

Saboda haka muna roƙon kowa ya riƙa auna jininsa; idan ya tsaya a 140/90 ko sama, a ga likita, kada kuma a yanke magani don an ji sauƙi. Mu rage gishiri da kanwa. Mu kai yaro asibiti idan maƙogwaro ya haɗu da zazzaɓi. Wanda ke jin faɗuwar gaba, haki ko bugu marar tsari, ya nemi gwajin lantarkin zuciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.