Abincin yaro da wasansa: mu san abin da gwamnati ta tsara

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ku matso kusa da rediyo, ku ɗauko allo da alli. Yau zancenmu a kan yara ne, abin da suke ci da yadda suke motsa jiki.

Manyanmu ba su manta shekara ta 2005 ba. Fari da fara suka ci gonaki, tamowa ta kama yara, musamman a jihar Maraɗi. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jiyyar yara sama da 60.000 a Nijar. A 2006 gwamnati ta yanke cewa yaron da bai kai shekara 5 ba za a duba shi kyauta a gidan likita. Na sani, wani zai ce ya je an ce babu magani, sai ya saya. Haka ne, an sha yin haka, don kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita sukan makara. Amma wannan ba dalili ba ne na ajiye yaro a ɗaki har jikinsa ya kumbura.

To, ta yaya uwa za ta gane? Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake zagaya wa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A Mirriya, jihar Damagaram, an gwada ba uwaye zaren nan su riƙa auna ƴaƴansu da kansu, aka ga sun iya sarai. Ku rubuta lamba biyu: 115 da 125. In awo ya wuce milimita 125, tsanwa ke nan, lafiya lau. Tsakanin 115 da 125, a ƙara abinci, a kai shi a duba. In bai kai 115 ba, ja ne: ranar nan za a tafi, ba gobe ba. Wata ɗalibata, uwar yara biyar, ta ce mini ita ba ta zo koyon karatu don rubuta wasiƙa ba, don karnen awon ɗanta ta zo. Yau ita ke karanta wa kishiyarta nata.

Ga wata magana da ba ta da daɗi. Abincin gujiya na cikin leda da ake ba yaro mai tamowa, Plumpy'Nut, magani ne, an ƙidaya shi daidai jikin yaro guda. Na gan shi a tire a kasuwa. Na ga an raba shi ga yayyen yaron, har maigida ya ɗanɗana. Malam, in ka sha maganin ɗanka, wa zai warke?

Jariri kuwa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Bayan haka kunun hatsi, amma a sa masa garin wake ko ƙuliƙuli, da ganyen zogale, da ɗan mai. Kunu tsarara yana cika ciki, ba ya gina jiki.

Sai lakkol. Tarayyar Afirka ta keɓe ranar 1 ga Maris don ciyar da ƴan makaranta, kuma a Yamai aka yi bikin farko a 2016. Inda ake dafa wa yara abinci, musamman wajen makiyaya, yaro yana zama aji har yamma, ƴan mata ma ba su cika gudu ba. Sai dai ba kowace lakkol ke da tukunya ba. Inda take, iyaye su shiga kwamiti, su ƙirga buhunan da suka shigo, su rubuta. Amfanin karatunmu ke nan.

Game da wasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki har ya yi zufa. A jadawalin lakkol akwai lokacin wannan, ba na shara ba ne, ba na ɗebo wa mushe ruwa ba ne. Kayan wasan ma muna da su: langa, tsere, kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, kowane ɗan kokowa a fagen ƙauyensu ya taso. Yaron birni da ya wuni a kan salula da lemon kwalba shi ma a fitar da shi fili. Yarinya kuma, daka da ɗebo ruwa aiki ne. A bar ta ta yi gaɗa da tsalle da ƙawayenta.

Aikin gida: kowa ya zo aji ranar Asabar da karnen awon ɗansa, mu karanta nauyin tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.