Koyar da Iyo Biyu-Biyu: Jawabin Kwamitin Wasanni ga Taron Reshe



Mun san a zauren nan akwai mai tambaya a zuci: malamin da ɗalibansa ke zaune a ƙasa, me ya haɗa shi da maganar iyo? Amsar tana cikin rajistar da muke kira kowace safiya. Duk damina kududdufai kan cika, ramukan da aka haƙi ƙasar gini su zama tafkuna, yaranmu kuma can suke nufa da an tashi, mun yarda ko ba mu yarda ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya ƙiyasta cewa mutum 372,000 ruwa ke ci a shekara, kuma yara na gaba a cikinsu. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. A ƙarshen Nuwambar wannan shekarar ce kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu.

Malami ɗaya ba ya iya sa ido a kan yara ashirin a cikin ruwa, domin mai nutsewa ba kasafai yake kururuwa ba. Shiru yake tafiya. Shi ya sa muke kira da a yi horon biyu-biyu. Kowane yaro a ba shi abokin ruwa wanda iyawarsu ta zo ɗaya. Kada a haɗa su don abota ko unguwa, domin gwani kan ja ɗan koyo zuwa zurfi ba da niyya ba. Lokaci zuwa lokaci malami ya busa usur, kowa ya kama hannun abokinsa su ɗaga sama, a ƙirga. Wannan tsohuwar al'adar 'yan sikawut ce a Amurka, kuma ba ta buƙatar ko sisi.

Darasin kansa a ruwa iya ƙugu ake fara shi. Ɗaya ya tsunduma fuskarsa yana fitar da iska ta hanci, ɗayan na ƙirga masa, sannan su yi musanya. Daga nan ɗaya ya riƙe hannuwan abokinsa yana tafiya da baya, wanda ake ja kuma yana bugun ruwa da ƙafafu a miƙe. Sai babban darasi, wanda muke roƙon a daɗe a kansa ko da zai ci mako biyu: kwanciya rigingine a kan ruwa. Abokin ya tallafi ƙeya da tsakiyar baya, yana janye hannu kaɗan-kaɗan har mai koyo ya ji ruwa ya ɗauke shi. Yaron da ya iya wannan, ko ya gaji a tsakiyar tafki, yana da hanyar yin numfashi har taimako ya iso. A ganinmu ya fi wanda ya iya tsere amfani.

Idan an ƙware sai a koma rukuni na huɗu-huɗu, biyu a wannan gefe, biyu a wancan, ana miƙa wa juna. Fa'idarsa ita ce hutu a cikin tsarin yake: yayin da ɗaya ke iyo, uku na hutawa suna kallonsa. A horon biyu-biyu aiki da hutu daidai suke, a na huɗu kuwa hutu ya ninka aiki sau uku, don haka shi ya dace da nisa mai ɗan tsawo. A rukunin ne kuma ake koyon ceto daga tudu: a miƙa sandar gora, ko a jefa igiya da aka ɗaura wa jarkar da babu komai a ciki. Yaro kada ya faɗa ruwa don ceton wani. Gasar wa ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa kuwa, a hana ta ƙememe, domin mutum kan suma ba tare da wata alama ba.

Masu cewa ba mu da wurin wanka na zamani su dubi Bangaladash. Can shirin SwimSafe a tafkunan ƙauye yake koyarwa, an kewaye wuri da gora an yi masa dandamali. Abin da ake nema ga yaro kafin a yaye shi kaɗan ne: iyon mita 25, tsayuwa a saman ruwa na daƙiƙa 30, da ceto daga tudu. Sai dai mu a nan dole mu tuna da tsargiya. Ruwan da bai gudu, mai ciyayi da dodon koɗi, ba wurin darasi ba ne, kuma ba za a zaɓi wuri ba sai ma'aikatan lafiya sun duba shi.

Roƙonmu ga reshe shi ne kowace makaranta ta ba da sunan malami ɗaya da malama ɗaya da za a horar, domin 'yan mata su sami darasinsu a keɓe da sutura mai kyau. A nemi yardar iyaye a rubuce, a kuma gayyaci sarkin ruwa da masunta, waɗanda suka fi mu sanin inda rami yake. Takardar ba da suna tana hannun sakatare.