Lambar da ta Kā da Zaton Fermat



Ni malamin harshe ne, amma yau da wata lamba na zo muku, wato 4,294,967,297, domin akwai darasi cikin tarihinta.

Masana lissafi sun kasa lambobi kashi-kashi. Akwai cika da mara, kamar yadda kowa ya sani tun yana yaro. Akwai kuma waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu, irin su 3 da 5 da 17. Bari mu kira su gagara-rabo. Sauran, irin su 15, masu rabuwa ne. Lambarmu mara ce, tun da ta ƙare da bakwai. To, gagara-rabo ce ko mai rabuwa?

A 1640 wani Bafaranshe masanin shari'a, Pierre de Fermat, ya duba wani jeri. A fara da 3, a cire ɗaya, a ninka abin da ya rage sau kansa, a mayar da ɗayan: an sami 5. A maimaita, sai 17, sai 257, sai 65,537. Duka biyar ɗin gagara-rabo ne. Bisa ga haka ya ƙudurta cewa duk jerin haka yake, ko da yake ya amsa cewa bai sami hujja ba. Ta shida a jerin ita ce lambarmu.

Sai a 1732 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, yana ɗan shekara 25, ya bayyana cewa 641 sau 6,700,417 shi ne 4,294,967,297. Daga baya ya tabbatar da cewa duk gagara-rabon da zai raba ta, lalle ne ya zama wani ninki na 64 da ƙarin ɗaya. Da wannan ƙa'ida gwaji biyar ya isa: 193, 257, 449, 577, sannan 641. Ashe dai mai rabuwa ce, kuma masu raba ta huɗu ne tak: ɗaya, da waɗancan biyu, da ita kanta. In aka tara ukun farko za a sami 6,701,059, nesa ƙwarai da ita, don haka ana lissafa ta cikin lambobi masu naƙasa. Har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun gagara-rabo a jerin ba bayan 65,537.

Jama'a, Fermat gwani ne, amma misali biyar suka yaudare shi. Ɗalibin da ya ga jam'in kalmomi biyar ya kafa wa Hausa dokar nahawu, da ma'aikacin da ya zaga ƙauyuka biyar ya rubuta rahoton lardi, duk ramin nan suke dosa. Ina roƙonku, kafin ku sa hannu a takarda, ku nemi misali na shida ku gwada.