Bayan Wuƙar Likita: Zaɓen Nonon Roba Ga Macen Da Aka Yi Wa Tiyata

Laccar da aka gabatar a gaban taron mata, ma'aikatan lafiya da shugabannin al'umma a garin Zuru, Jihar Kebbi

 

Tun farko ina neman afuwar iyayena maza. Yau zan kira sunan abin da ba a saba kira a gaban surukai ba. Kunya adon mace ce, na sani, amma na daɗe a aikin asibiti, na kuma ga yawan matan da kunya ta kai kabari.

Bari in fara daga gidanmu. Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, wadda aka cire wa nonon hagu saboda ciwon daji. Aiki ya yi kyau, rauni ya warke, aka sallamo ta. Da ta tashi fita, sai ta dunƙule wani tsohon ɗankwali ta cusa a rigar mama. Ranar sunan jikanta, tsakar gida cike da mata, ta sunkuya za ta ɗauki jinjiri, sai dunƙulen ya zame ya faɗo ƙasa. Babu wadda ta yi dariya. Wata dattijuwa ma ta yi maza ta taka shi, ta saki gefen zaninta a kai. Duk da haka goggo ta kusa shekara biyu ba ta sake leƙa gidan biki ba. Likita ya ceci ranta, amma babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata yadda za ta sa riga washegari.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya na shekarar 2022 sun nuna mata sama da 32,000 aka gano da sankarar mama a Nijeriya a shekara guda, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wato duk mata biyu da aka gano, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu ƙarfin asibiti, mafi yawan masu wannan cuta suna rayuwa. Babban bambancin shi ne lokacin zuwa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana neman a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari tun cutar na matakin farko ko na biyu. Mu kuwa matanmu sai ƙari ya fashe sannan ake ɗaukar su a mota zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin Shika a Zariya.

Me ke jinkirta su? Talauci na ciki, nisan hanya na ciki, mai magani a gindin bishiya na ciki. Amma akwai maganar da nake ji a bakin mata idan an rufe ƙofa: "Sista, an ce yanke shi za su yi. In an yanke, ni kuma na zama me?" Macen da ke wannan tambaya, kwatancen girman ƙari ba ya gamsar da ita. Abin da take so ta sani shi ne, za ta iya tsayawa a sahun salla, ko a layin mawaƙan coci, ba tare da ana kallon ƙirjinta ba? Shi ya sa na ɗauki maganar nonon roba a matsayin wani ɓangare na magani. Wadda ta san akwai mafita bayan wuƙa ta fi saurin yarda da wuƙar.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. Ruth Handler, matar da ta ƙirƙiro 'yar tsanar Barbie a Amurka, an cire mata nono a 1970. Da ta je neman abin sakawa, duk wanda ta samu bai zauna mata ba, ba a ma bambanta na dama da na hagu. Sai ta kafa sana'ar ƙera nata mai suna Nearly Me. A Jamus kuma kamfanin Amoena ya fara ƙera na silikon tun 1975. Idan attajira a Amurka ta sha wannan wahala, kada 'yar Dabai ko Ribah ta ɗauka ita kaɗai ce.

To, me ake da shi? Na farko shi ne mai laushi, ɗan matashi na yadin auduga da aka cika da zare mai taushi. Shi ake sawa a makonni shida zuwa takwas na farko bayan tiyata, lokacin da rauni bai gama kamewa ba. Wadda ake yi wa gashi da na'ura ma shi ya fi dacewa da ita, domin fatar wurin kan yi ja, ta yi zafi, ba ta son gugar abu mai nauyi. Aibinsa rashin nauyi: yakan hau sama ya bar ɗan'uwansa a ƙasa, sai an ɗan tsare shi da ɗinki a jikin rigar mama.

Na biyu shi ne na silikon, wanda aka fi sani. Ga shi nan na zo da shi, zan miƙa ya zagaya, domin gani ya kori ji. Ku matsa shi ku ji: yana lotsawa kamar tsoka, yana ɗaukar ɗumin jiki, yana da nauyi kusan na nonon gaske, yana kuma motsi tare da mai shi. Akwai mai kusurwa uku da ke shiga kowane gefe. Akwai mai ɗan jela da ke miƙewa zuwa hammata, saboda wadda aka cire wa kaluluwar wurin ta bar rami. Akwai rabi, kamar murfin ƙwarya, saboda wadda ƙarin kawai aka cire aka bar sauran nonon. Ana yin sa da launin fatarmu, don haka kada a cusa miki fari a ce shi kaɗai ne. Aibinsa biyu ne: tsada, tunda daga waje ake shigo da shi kuma kuɗinsa na bin dala, sai zafi.

Na uku, na soso mai sauƙi, ya dace da zaman gida da lokacin aiki. Na huɗu ana manna shi kai tsaye a fata. Wannan sai rauni ya warke sarai kuma likita ya amince, sannan a ƙasar gumi irin tamu ba ya daɗewa manne. Na biyar shi ne saƙaƙƙe, wanda ake saƙawa da zaren auduga a cika shi. Mata a Amurka da Kanada suka yaɗa shi, yanzu ƙungiyoyin mata a Kenya da Ruwanda suna saƙa shi da hannunsu. Yana shan iska, ana wanke shi a shanya, ana iya ƙara masa ciko ko a rage.

Yanzu ga tambayar da ta tara mu: wanne za ki zaɓa? Mai kanti zai ce miki mafi tsada. Ni kuwa cewa zan yi, fara da duba yininki. Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

Matar Zuru ba a kujera take yini ba. Tana daka, tana ɗaukar ruwa, tana sunkuye a gonar dawa, tana goya jika da majanyi ɗaure a ƙirji. Ku tuna zafin watan Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka. Silikon mai cikakken nauyi a irin wannan rana zai tara gumi a kan tabo, ya haifar da ƙurajen zafi. Saboda haka nakan shawarci mata da su mallaki biyu in da hali: saƙaƙƙe ko na soso domin aiki, na silikon domin fita unguwa da ofis. Wadda ba ta da halin na silikon kada ta ga kamar an bar ta a baya. Saƙaƙƙen da ya zauna daidai ya fi na dubban nairori da ke ajiye a ƙasan akwati.

Sai batun nauyi. Macen da nononta ke da girma, idan aka cire ɗaya, wasu kan ji kafaɗa ta karkace, wuya da baya na ciwo. Irin wannan tana bukatar abu mai ɗan nauyi. Wadda kuma hannunta ke kumbura bayan an cire kaluluwar hammata, mai sauƙi ya fi mata, da rigar mama mai faɗin igiya wadda ba ta nutsewa a kafaɗa. Wadda aka cire wa duka biyu tana da 'yancin zaɓar girman da take so.

Kada a manta da rigar mama, domin ita ce gidan da abin zai zauna. A nemi mai cikakken ƙoƙo, mai faɗin ɗamara, marar ƙarfe a ƙasa, mai aljihu a ciki. Aljihun nan ba sai an yi odarsa daga Legas ba. Duk telar da ta iya ɗinka rigar atamfa za ta iya ɗinka shi da ƙyallen auduga cikin ɗan lokaci. Da goggona ta san wannan, da ɗankwalinta bai faɗo ba.

Ranar gwaji, ki tafi da rigar da ta kama jikinki, kada ki gwada a ƙarƙashin hijabi ko mayafi, domin suna ɓoye kuskure. Ki tsaya gaban madubi. Ki ɗaga hannuwa. Ki zauna, ki tashi. Ki sunkuya kamar mai ruku'u ko mai shara. Idan ya zame ko ya buɗe baki daga ƙirji, ba naki ba ne. Ki tafi da 'yar'uwar da ba ta jin nauyin gaya miki gaskiya. In kika yi ƙiba ko kika rame daga baya, sai a sake awo.

Kula da shi ba wuya. Na silikon a wanke shi kullum da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a goge, a kwantar da shi a kwalinsa da dare. A nisanta shi daga fil da allura da farce, domin in ya huje ba ya ɗinkuwa. In an kula da shi yakan yi shekara biyu ko fiye. Na kuma san wasu na ɗinka 'yar jaka su cika da gero ko shinkafa saboda nauyi. Dabara ce, amma hatsi na shan gumi, ya yi fumfuna, ya ɓata fata. Da babu gara ba daɗi, sai dai a riƙa sauyawa, kada kuma a ɗora shi a kan raunin da bai warke ba.

Abu biyu nake so kowa ya fita da su. Nonon roba na waje ba ya jawo ciwon daji, ba ya kuma dawo da shi. Amma ba ya hana shi dawowa. Kullum in kin cire, ki dubi tabon, ki shafa ɗayan nonon da hammata. Kika ji sabon ƙullutu, ko kika ga gyambo ko kumburin hannu, ki koma asibiti, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Akwai kuma tiyatar sake gina nono a wasu manyan asibitoci, da silikon na ciki ko da tsokar jikin mai shi. Akwai ma matan da suka zaɓi su zauna haka nan ba tare da sa komai ba. Wannan ma zaɓi ne, ba mai ikon zarginsu.

Wasu kan tambaye ni ko wannan canza halitta ne. Malamai na nan, su ne masu fatawa. Abin da na koya a wurinsu shi ne labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Daga nan malamai suka fahimci halaccin maye gurbin gaɓar da aka rasa. Ƙirji ba ya cikin gaɓoɓin alwala, lokacin wanka kuwa cirewa ake yi.

Iyayena maza, saura ku. Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce. Idan ɗanmu ya dawo daga fagen fama da tabo, jarumi muke kiransa. Matar da ta sha wuƙa, ta sha ƙarin ruwan da ya zubar mata da gashi, ta tashi ta hura muku wuta, me ya kamata a kira ta? Kakanninmu Lelna sun yi shekaru suna noman golmo a gonar surukai kafin a ba su mata. Wanda ya gaji irin waɗannan mutane bai kamata ya ƙaurace wa ɗakin matarsa saboda tabo ba. Ka raka ta awo. Ka sa kuɗin rigar mama a lissafin magani.

Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu tamu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta duniya. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko unguwa. Roƙona uku ne. Ma'aikatan jinya, kada a sallami mace bayan wannan tiyata sai da mai laushi a jakarta da bayani a kunnenta. Matan Islamiyya da zumuntar mata, kuna saƙa hular jarirai da safa, ku ƙara wannan a cikin saƙarku. Masu jin C'lela da sauran harsunan masarautar nan, ku kai maganar ƙauyukan Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu da bakin da iyayenmu suka fi ji.

Goggona tana nan da ranta. Wata tela a unguwarsu ce ta ɗinka mata aljihu a rigunan mama guda uku. Jikan da aka yi wa suna ran nan ya yi saukar karatu bara, kuma ita ta raba wainar.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.