Jawabi A Kan Madatsar Ruwa Ta Karkara, Amfaninta Da Tsaronta



Halin ƙasar Hausa game da ruwa sananne ne ga kowa. Damina ta kan sauka wajen Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi cikin Agusta, kafin Oktoba ta ƙare ta ɗauke, sa'an nan a shiga rani na wata bakwai ko fiye, rafuka su ƙafe su bar rairayi kaɗai. Saboda haka tun zamanin kakanni a ke haƙa rijiya da tafki, a ke ban ruwa da jigo cikin fadama. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Kogin Challawa zuwa birni, aka buɗe aikin a 1931. Birni ya sami nasa ke nan, amma mutumin ƙauye ya daɗe bayan wannan yana kallon ruwan damina na wucewa ta gefen gonarsa, ba shi da dabarar tsai da shi.

Dabarar kuwa ita ce madatsa, wadda yawancin mutane ke kira dam, watau bangon ƙasa da a ke tarawa a gicciye kan rafi, a daddanne shi hawa-hawa, a sa yumɓu mai danƙo a tsakiyarsa don kada ruwa ya ratsa. Misalin da ya fi kusa shi ne Bagauda, a ƙasar Bebeji. An gina ta wajen 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Da ruwanta aka fara gwajin noman rani a Kadawa, tun kafin a gama babbar madatsar Tiga a 1974. Manomin da a da ya kan tafi cin rani ya sami abin yi a gida, alkama da tumatir da albasa suka tsiro cikin watannin da ƙasa ta saba zama fayau, makiyayi ya sami mashaya, masunci ya sami kifi, rijiyoyin kusa kuma suka riƙe ruwa fiye da yadda suka saba.

To, cikin watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawan gaske, bangon Bagauda ya ɓalle. Ruwan da aka yi shekara goma sha takwas ana mora ya kwararo gaba ɗaya, ya share gonaki, ya rushe gidaje, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Ba a nan kaɗai irin wannan ta auku ba, gama madatsar Gusau ta ɓalle a 2006, ta Alau kuma ta ɓalle cikin Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri. Idan waɗannan da ke hannun manyan hukumomi sun iya karyewa, ina ga ƙaramar madatsar ƙauye, wadda injiniya kan yi shekaru bai leƙa ba?

Ya kamata a san nauyin abin da bangon ya ke tarewa. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1, nauyinsa tan guda ne. Tafki mai faɗin hekta 1 da zurfin mita 1 yana ɗauke da tan 10,000 ke nan. Ban da wannan, idan zurfin ruwa a jikin bango ya ninka biyu, ƙarfin da ya ke tura bangon da shi ya kan ninka huɗu. Shi ya sa ƙarin ruwa na kamu ɗaya ko biyu cikin Agusta, wanda mai wucewa ba zai kula da shi ba, babban al'amari ne ga bangon ƙasa.

Ta hanya biyu bangon ƙasa ya fi mutuwa. Ta fari ita ce ruwa ya hau kansa ya tsallaka. Bangon siminti ya kan jure wannan, amma na ƙasa da zarar ruwa ya fara bi ta kansa sai ya riƙa zaizayar bayansa, ya yanka kwazazzabo, cikin 'yan sa'o'i a ga ɓaraka. Domin tsare wannan ne maginan kan yanka mafita a gefe, ƙasa da kan bangon, inda rarar ruwa za ta fice ta koma rafi. Mafitar nan ita ce ran madatsa. Amma sau da yawa a kan bar ta ta cika da kacalla da itatuwa da shara, wani ya kafa tarkon kifi a bakinta, wani ya shuka masara a cikinta. Mafi muni duka shi ne a jera buhunan ƙasa a bakinta wai don tafki ya ƙara riƙe ruwan rani. Mai yin haka yana ganin taimakon gari ya yi, alhali kuwa ya cinye tazarar da aka bari tsakanin fuskar ruwa da kan bango domin ranar ruwa mai yawa.

Hanya ta biyu a ɓoye ta ke, watau ruwa ya huda cikin bangon. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa ma. Gara ta kan gina suri ta yi ramuka a ciki, gafiya da ɓera su haƙa nasu, itacen da aka bari ya girma a kan bango kuma saiwarsa ta kan nutsa, in ya mutu ta ruɓe ta bar kafa. Kowace madatsar ƙasa ta kan yi ɗan tsattsafi a gindinta ta baya, wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau ya ke, bai kuwa ƙaru ba. Amma ranar da aka ga ya gurɓace, ya fito ja ko da laka, to, ruwa ba ya tsami banza: naman bangon ne ya ke fitowa da shi, kafar kuwa tana faɗaɗa a kowace sa'a.

Alamun nan duka ba su bukatar na'ura, ido da ƙafa sun isa. Ya kamata kowace madatsa ta sami mutum guda sananne, wanda aikinsa shi ne ya taka bangon daga wannan baki zuwa wancan, mako-mako da rani, kullum da damina, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Ya duba tsagewa, da wurin da ƙasa ta lotsa ko ta zame, da wurin da ciyawa ta yi kore shar alhali na kewaye sun bushe. A kafa sanda mai awo a cikin ruwa, ya riƙa rubuta tsayinsa cikin littafi tare da kwanan wata. A share mafita kafin ruwan fari. A cire ƙananan itatuwa tun suna tsiro, manya kuwa a bar wa injiniya ya faɗi yadda za a yi da su, gama tumɓuke su da gaggawa ya kan bar rami. A rufe bango da ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri, a keɓe wa shanu mashaya nesa da shi, don kofato ya kan yanka turba, turba kuwa ta zama magudana. A hana noma har bakin tafki da bakin rafukan da ke ciyar da shi, domin lakar da ke gangarowa daga gonaki ta kan cika shi sannu a hankali har zurfinsa ya ragu.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ke zaune ƙasa da madatsa. Su san tudun da za su nufa idan an yi shela, su san wanda zai yi ta, da dare ne ko da rana. Kada a ba kowa fili ya yi gini a kan hanyar ruwa. A kuma tsare yara daga wanka a tafki, saboda nutsewa, da kuma ciwon tsargiya, wanda ƙwayarsa ke girma cikin ƙananan katantanwa na ruwan kwance, ta shiga jikin mutum ta fata.

Tsarin En'e ya shuɗe, ƙananan hukumomi sun gaje shi tun gyaran da aka yi a 1976, amma hanyar kai magana da tsofaffin ma'aikata suka bi tana nan: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai ga hukuma. Abin da a ke bukata shi ne labarin bango ya bi hanyar nan a ranar da aka gan shi, a rubuce, wanda ya karɓa kuma ya aiko da mai dubawa ba tare da jinkiri ba. Kada mai gadi ya ji kunyar kai rahoton abin da daga baya aka tarar ba kome ba ne, kada kuma babba ya tsawata masa a kan haka, gama kuɗin cike ramin gafiya ba a gwada shi da kuɗin sāke gina gari. Kafin damina mai zuwa, kowane dagaci da ke da madatsa a ƙasarsa ya tafi da kansa ya ga mafitarta, ya kuma san sunan wanda ke taka bangonta.